Ranar Al'adu: abin da 'yar Zangon Kataf ta faɗa min

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Tun da aka gama bikin Ranar Al'adu a makarantarmu nake ta ɗora hotuna kuna ta yabawa, wasu na cewa Arewa ta fita kunya. Na gode. Amma akwai abin da hoto bai ɗauka ba, kuma tun da ni ne sakataren walwala na ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa, ni ne kuma na yi kuskuren, gara ku ji daga bakina.

Ga wanda bai taɓa karatu a nan ƙasar Yarbawa ba, bari in ɗan ba shi haske. Sau ɗaya a shekara ake ware yini guda, kowace ƙungiyar ɗalibai ta kafa rumfa a filin wasa, ta kawo abincinta da suturarta, a ba ta minti 15 a kan dandamali. Yarbawa su ne masu gida, su kan zo rukuni-rukuni, 'yan Ijebu daban, 'yan Ekiti daban, 'yan Oyo daban, da ashoke da amala da gangunansu. Ibo su zo da jar hula da rawar nan tasu ta tsalle da juyi. 'Yan Edo su sha murjani tun daga kai har wuya. Mu kuwa rumfa ɗaya tal ake ba mu, a rubuta mata "Arewa". Jihohi 19 a ƙarƙashin tamfol guda.

Bana da aka damƙa min shirin, wallahi na ɗauke shi da zafi. Shekara huɗu ke nan ina jin ana kirana "aboki" a bakin get, a cikin tasi, har a layin karɓar abinci. Wani ɗan ajinmu ya taɓa tambayata, ba da wasa ba, wai shin a garinmu akwai bene? Ni ɗan Katsina, garin da hasumiyar Gobarau ke tsaye shekaru ɗaruruwa! Don haka na ƙudurta a raina bana sai sun ga abin da ba su taɓa gani ba. Na tsara za mu yi kamun amarya da lalle, mu yi ɗan ƙaramin hawan sallah da doki ɗaya, mu kawo makaɗan kalangu daga Sabo ta Ibadan. Abinci kuwa masa da miyar taushe, tuwon shinkafa, dambun nama, kilishi, fura da nono, zoɓo. Maza farar shadda da hula, mata atamfa anko da mayafi. Kowa zai kawo naira dubu biyu. Na rubuta komai tsaf na tura guruf ɗinmu na WhatsApp, aka yi ta turo min alamar tafi.

Ban lura da waɗanda suka yi shiru ba.

Saura kwana shida na bi ɗakunan kwana ina karɓar kuɗi. Na iske wata 'yar ƙungiyarmu, 'yar aji huɗu kamar ni, tana wanki a bayan hostal ɗin mata. 'Yar Zangon Kataf ce, Kirista, Hausa a bakinta kamar ta Zazzagawa. Tun ajin farko muka saba, ita ce ma ta koya min yadda ake ciniki da Yarbanci a kasuwa. Na ce, "'Yar'uwa, ke kaɗai kika rage a layinku." Ta ɗauraye hannu, ta shiga ɗaki ta fito da dubu biyu ta miƙa min. Sannan ta ce, "Ga kuɗinku, Sakatare. Allah ya ba da sa'a. Amma ni ba zan zo ba."

Na yi dariya na ce wane irin kuɗinku kuma, ba bikinmu ba ne gaba ɗaya?

Ta dube ni ta ce, "Ka nuna min abu ɗaya a cikin takardar nan taka da kakata za ta gani ta ce nata ne."

Na buɗe baki zan yi magana, ta ce in bari ta gama. Ta tambaye ni yaushe muka yi taron tsara shirin. Na ce ranar Lahadi da safe, don ba lakca. Ta ce to lokacin ita da sauran suna coci, kuma ba wannan ne karon farko ba. Ta tambaye ni da wane yare aka yi taron. Na ce Hausa mana. Ta ce ita ba ta da matsala da wannan, amma 'yan Igala da Ibira na Kogi da 'yan Idoma fa, da yawansu ba sa ji, shi ya sa suke zuwa sau ɗaya ba sa dawowa. Sai ta kawo maganar da har yau take min yawo a kai.

Ta ce, "Ka tuna rikicin kasuwar Sasa?"

Wa zai manta? Watan Fabrairun 2021, muna sababbin shiga, ba a jima da dawowa daga dogon yajin aikin malamai da zaman korona ba. Faɗa ya ɓarke tsakanin Yarbawa da Hausawa a kasuwar Sasa ta Ibadan, aka ƙona shaguna da gidaje, aka rasa rayuka. Mu ba a wurin muke ba, amma jita-jita ta cika ko'ina, iyaye na ta kira a waya. Ni kwana uku na yi ban sa hula ba, ban fita bakin get ba.

Ta ce lokacin ita a cikin gari take haya. Maigidanta ya ƙwanƙwasa mata ƙofa da dare ya ce ta nemi inda za ta laɓe na 'yan kwanaki, don unguwa kowa ya san akwai "Hausa" a gidan, shi kuma ba ya son abin da zai taɓa shi ko ya taɓa ta. Ta ce masa ita ba Bahaushiya ba ce, Atyap ce, ga Littafi Mai Tsarki ma a kan gadonta. Ya ce duk ɗaya ne a wurin masu zuwa. A daren ta kwashi jakarta ta koma ɗakin wata ƙawarta a cikin makaranta.

Ta ce, "Ka gani, Sakatare. Ranar tsoro ni Bahaushiya ce, ba wanda ya tambaye ni. Ranar biki kuma sai in sayi anko in tsaya a bayanku ina tafi."

Ban ba ta amsa ba, don ba ni da ita. Na ce sai anjima na wuce. Kuma gaskiya, haushi na fara ji kafin kunya. A hanya ina ta ce wa kaina ai ba wanda ya hana su kawo shawara, ai mu ne mafi yawa, ai Hausa ce ta haɗa mu. Sai da na kwanta na ɗauko rijistar ƙungiya na bi suna ɗaya bayan ɗaya. Akwai 'yan Filato, 'yan Binuwai, 'yan Taraba, Nufawa daga Bida, Barebari daga Borno, Gbagyi, 'yan Zuru. Kusan kashi ɗaya cikin uku na sunayen ba Hausawa ba ne ba Fulani ba. A cikin shirina na minti 15 ba su da ko daƙiƙa ɗaya. Abin da nake yi wa ɗan ajinmu fushi a kai, na tattara mu duka a ce "aboki", shi na zauna na rubuta da hannuna, na kuma sa masa kuɗin shiga.

Wani abin kuma da ba ma son faɗa: ni da ita ba a haife mu ba lokacin rikicin Zangon Kataf na 1992, amma kowannenmu ya tashi ya ji labarinsa a gida, kuma na tabbata labarin da aka ba ni ba shi aka ba ta ba. Shekara huɗu muna gaisawa muna raha, ba mu taɓa taɓo wannan ba. Irin wannan shirun muka kwaso daga gida muka zo da shi Kudu, muka rufe shi da sunan ƙungiya.

Washegari na kira taron gaggawa, Litinin da yamma, na yi bayani da Hausa na maimaita da Turanci. Kada ku ɗauka an yi ta rungumar juna. An yi zafi sosai. Wani babban yayanmu da ke digiri na biyu ya ce, "Malam, saura kwana biyar za ka rushe abin da muka gina? Duniya ta san Arewa da rawani da doki, ba da wani abu ba." Wani ya ce shi ba zai tsaya a rumfar da maza da mata ke rawa tare ba, kuma ban ga laifinsa ba, iyakarsa ya faɗa. Wani ɗan Binuwai kuma ya miƙe ya ce su fa tun farko ba su ɗauki kansu 'yan Arewa ba, 'yan tsakiyar Najeriya ne, rajista kawai suka yi don makaranta ba ta ba su rumfa ba. Wannan ta yi wa mutane da yawa ciwo. Ni ma ta yi min. Amma ya faɗe ta a gabanmu, kuma ya zauna har aka tashi.

Abin da muka tsayar a ƙarshe ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Muka soke kamun amarya, muka raba minti 15 ɗin gida uku. Anko ya zama ganin dama, kowa ya sa kayan garinsu. Wanda ba ya son tsayawa lokacin rawa ya tsare wajen abinci. Kuɗin kilishi muka rage muka sayi acca da yakuwa da gauta, don 'yan Filato sun ce za su dafa gwate. Na koma wurinta na faɗa mata, na kuma ba ta haƙuri. Ta ce ta ji, za ta duba.

Ranar Asabar ɗin, abin da ya fi tsaya min a rai ba dokin ba ne. Dokin ma dai, da ya ji ƙarar lasifika sai ya ƙi gaba ya ƙi baya, ɗan sarkin namu ya sauko ya ƙarasa da ƙafa yana riƙe da rawani, filin duk ya kwashe da dariya. Mu ma muka yi, me za mu yi?

'Yan Tibi ne suka tayar da wurin. Suka fito cikin zanensu mai ratsin baƙi da fari, wanda suke kira anger, suka yi rawar suwange, jiki na lanƙwasa kamar ba ƙashi. Ni ɗan Arewa, sai a ƙasar Yarbawa na fara ganin rawar nan ido da ido. Ɗan Bida ya jera tasoshin tagulla da ya aro wurin wata gwaggonsa da duwatsun wuya na gilashi da garinsu ya yi suna da su. 'Yan matan Borno suka naɗa lafaya suka kunna turaren wuta, har rumfar Ibo ƙamshin ya kai, suka yi ta zuwa tambayar nawa ake sayarwa. Gwate kuwa shi ya fara ƙarewa, kafin masa. Ni kaina kwano biyu na sha, ina ta mamakin yadda ya yi kama da faten da ake mana a gida amma ba shi ba ne.

Can wajen la'asar makaɗan kalangunmu suna hutawa, sai wani tsohon makaɗin Yarbawa ya matso da gangarsa mai magana a hammata. Ya ɗauki kalangu ya juya shi, ya matse tsirkiyar ya saki, ya yi murmushi. Ƙira ɗaya ce, matsa ɗaya ce. Ya buga wani abu, namu ya mayar masa, suka yi ta yi kusan minti goma ba wanda ke jin yaren wani. Ba ya cikin shirin kowa, kuma shi ne bidiyon da ya fi yawo.

Wata malama Bayarbiya, farfesa ce a sashenmu, ta tsaya a rumfarmu tana kallon masu zane baƙi da fari. Ta ce min da Turanci, su ma waɗannan Hausawa ne? Da bara ne da na ce eh kawai don a wuce wurin. Na ce a'a ranki ya daɗe, Tibi ne daga Binuwai, wannan Birom ce daga Jos, wancan Banufe ne, ni ne Bahaushe. Ta ce shekararta nawa tana koyarwa ba ta taɓa sanin 'yan ajinta na Arewa sun rabu haka ba. Ban ga laifinta sosai ba. Mu muke kafa rumfar duk shekara.

Ita kuwa mutuniyar tawa ta zo, amma a makare, kuma ba ta hau dandamali ba. Ta tsaya wajen tukunya tana taya zuba gwate, sanye da rigar yau da kullum. Da na je gaishe ta sai ta ce, "An ɗan gyara." Iyakar abin da na samu ke nan. Na tambaye ta ko baɗi za ta kawo mana wani abu na Atyap, ta ce baɗi ai mun gama in Allah ya yarda, in tambayi ƙannenta da ke aji ɗaya, in kuma tambaye su tun kafin a rubuta takarda.

Ba mu zo na ɗaya ba, 'yan Edo suka ɗauka, kuma sun cancanta. Yayan namu na digiri na biyu har yanzu gaisuwarmu sama-sama ce, ya ce na mayar da rumfar Arewa kasuwar ƙauye. 'Yan Binuwai sun ce za su nemi rumfarsu daban a shekara mai zuwa, kuma ban san ko in taya su nema ko in roƙe su su zauna ba. In ka tambaye ni yau zan ce su zauna, gobe wataƙila in ce haƙƙinsu ne.

Ku da ke sauran makarantun Kudu, a Legas ko Fatakwal ko Nsukka, ina son in ji yadda kuke yi a naku. Wa ke zama a taronku, wace rana kuke sa shi, wa ke biyan kuɗi ba ya zuwa?

Namu taron na gaba Asabar ne ƙarfe huɗu, bayan sallar la'asar, a ƙarƙashin bishiyar mangwaron nan ta bayan laburare. Za mu zaɓi wanda zai gaje ni. Kuma don Allah duk wanda ya tafi da babbar tukunyar 'yan Filato ya dawo da ita, ta aro ce.