Yaran da Ido Ne Kunnensu

Kusan duk karatunmu ta kunne yake shiga. A makarantar allo malam ya biya, yaro ya maimaita har ya haddace. A firamare ma haka ne: malama ta faɗa, aji ya amsa da murya ɗaya. Wannan hanya ta ilimantar da al'umma ƙarni bayan ƙarni, amma akwai yaran da take bari a baya, kuma masu lalurar Down na cikin waɗanda suka fi shan wahalarta.

Asalin lalurar a halitta yake. Kowace ƙwayar jikin ɗan Adam tana ɗauke da zaruruwan gado 46, jere bibbiyu. Yawancin masu lalurar suna da 47, domin zare na 21 ya zo uku maimakon biyu. Likita ɗan Ingila John Langdon Down ne ya siffanta ta a 1866, sannan masu bincike a Faransa suka gano ƙarin zaren a 1959. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Maris, wata na uku, kuma ta ƙiyasta cewa ana samunta a haihuwa ɗaya cikin 1,000 zuwa 1,100. Ba aikin iskoki ba ne, ba kuma wani abu uwa ta ci ko ta tsallaka ba.

Ga abin da ya kamata kowane malami ya sani. Hanyar kunnen waɗannan yara ƙunci gare ta, ruwa kan taru a bayan dodon kunne, don haka da yawansu ba sa ji sosai. Ko sun ji, riƙe doguwar magana a ka yana yi musu wuya, kuma laushin tsokar baki yana jinkirta furuci. Amma abin da suka gani yakan zauna, kuma fahimtarsu takan wuce abin da bakinsu ke iya faɗa. A Ingila, Farfesa Sue Buckley ta shiga wannan bincike ne bayan wani uba, Leslie Duffen, ya rubuto mata cewa 'yarsa Sarah ta fara karatu tana shekara uku. Aikin da ya biyo baya ya nuna cewa rubutacciyar kalma kan taimaka wa yaron har wajen koyon magana.

Na ga haka a danginmu. Wata yarinya ta shekara biyu a aji ɗaya ana cewa ba ta ɗaukar komai. Da wata sabuwar malama ta zo, sai ta yanka kwali, ta manna hoton kofi, ta rubuta «ruwa» a ƙasa, ta yi haka da «Umma» da «gida», ta dawo da yarinyar layin gaba. Kafin ƙarshen zango yarinyar tana ɗaga katin da take nufi, daga baya bakinta ya bi hannunta. Kwali da alƙalami kawai aka kashe.

Saboda haka tallafin da nake fata a ba iyaye da malamai ba shi da tsada. A kai yaro a gwada jinsa da ganinsa a kai a kai, a duba zuciyarsa tun yana jariri, domin kusan rabin masu lalurar da matsalar zuciya ake haifarsu. A ba shi umarni ɗaya gajere, a dube shi ido da ido, a jira amsa ba tare da an ƙarasa masa ba. A haɗa magana da alamar hannu, domin alama ba ta hana furuci. A zana masa jerin ayyukan yini da hoto. A makarantar allo kuwa, allon da ke hannunsa shi ne abokin aikinsa: baƙaƙe manya, kaɗan kaɗan, yatsa na bin kowane harafi.

Doka ma tana gefensu. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da 'yancin ilimi. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Oyo da Jami'ar Bayero suna horar da malamai a wannan fanni. Sai dai malamar da ke da yara cike da aji ba za ta iya jiran a turo mata ƙwararre ba. Mu da muka yi karatu, mu ne ke zaune a kwamitocin makarantu da tarukan iyaye da malamai. Idan aka ce wani yaro ba ya ɗaukar karatu, mu tambaya ko an gwada jinsa, sannan mu tambaya ko an taɓa nuna masa darasin ya gani da idonsa.