Saguwaro, Sarkin Itatuwan Hamadar Arizona

Wanda ya bar birnin Finiks da sassafe ya kama babbar hanyar da ta nufi kudu maso gabas, bayan tafiyar mil 100 da 'yan kai zai iso Tusan, tsohon gari a jihar Arizona ta Amurka, wanda tsakaninsa da iyakar Meksiko bai wuce mil 60 ba. Tun kafin ya iso zai fara hango waɗansu dogayen abubuwa kore shar a gefen duwatsu, sun yi cirko-cirko, waɗansu sun ɗaga hannu biyu sama kamar masu kabbara, waɗansu kuwa miƙe sambal kamar turken waya. Waɗannan su ne saguwaro, mafi girma daga cikin dangin kaktus na ƙasar Amurka. Ba sa tsirowa da kansu ko'ina a duniya sai a wannan hamada da ake kira Sonora, wadda ta ratsa Arizona da arewacin Meksiko da ɗan gefen Kalifoniya.

Bahaushen da ya gan su zai ce ai ƙerana ce ta yi girma, ko kuwa tinya. Kamar ce kawai. Tinya da ƙerana in aka sare su farin ruwa suke fitarwa kamar nono, mai dafi, mai makanta ido. Kaktus ba shi da wannan, kuma danginsa daban ne, asalinsa nahiyar Amurka. Zaman wuri mai ƙarancin ruwa ne ya sa kowanne ya zubar da ganye, ya kumbura jiki, ya yi ƙaya, har suka yi kama ba tare da sun haɗa kaka ba.

Gandun dajin da gwamnati ta keɓe dominsu kashi biyu ne, ɗaya gabas da Tusan ɗaya yamma, garin yana tsakiya. Shugaba Herbert Hoover ne ya fara keɓe na gabas a 1933, Shugaba Kennedy ya ƙara na yamma a 1961, sa'an nan a 1994 aka ɗaga darajar wurin ya zama cikakken gandun daji na ƙasa. A ɓangaren gabas akwai wata 'yar hanya mai kewaye, mil 8, wadda baƙi kan bi da mota ko keke. Shekara goma-goma ake ƙidayar itatuwan, kamar yadda ake ƙidayar mutane, kuma ƙidayar 2020 ta kimanta su kusan miliyan 2.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne jinkirin girmansa. Ƙwayar irin baƙa ce, ba ta kai ƙwayar riɗi ba. In ta tsiro, sai ta shekara 8 ba ta wuce inci ɗaya da rabi ba, wato yaron da aka haifa rana ɗaya da ita ya shiga makaranta ita ko ba ta kai tsawon ɗan yatsansa ba. Sai ya kai shekara 35 zai yi furen fari, hannu kuwa sai tsakanin shekara 50 da 70, a wurare masu tsananin fari ma har 100. Wanda aka gani ya kai ƙafa 40 da hannuwa biyar ko shida, to, ya girmi duk mai kallonsa, don sukan rayu shekara 150 zuwa 200. Mai shuka saguwaro dai ba don kansa yake shukawa ba.

Ruwan da ke sauka a Tusan a shekara bai kai rabin na Kano ba, kuma kashi biyu yake zuwa, yayyafin hunturu da kuma mamakon watan Yuli zuwa Satumba. Saiwoyin itacen ba su yi zurfi ba, inci 4 zuwa 6 ne ƙarƙashin ƙasa, amma sun bazu kewaye da shi gwargwadon tsawonsa, don haka ko ɗan ruwan da bai isa ya jiƙa gona ba sai ya zuƙe shi. Jikinsa a nannaɗe yake kamar zugazugin maƙeri, in ya sha ruwa ya buɗe, in fari ya yi tsawo ya tsuke. Babba wanda ya ƙoshi yakan haura tan 2 a nauyi. Wata dabara kuma, da rana yakan toshe ƙofofin numfashin fatarsa don kada ruwa ya tsere, sai dare ya yi sanyi ya buɗe su ya shaƙi iskar da zai haɗa abincinsa da ita kashegari. A riƙe wannan magana ta sanyin dare, za a komo kanta.

Cikin Mayu da Yuni farin fure ke fitowa a kan ƙoƙonsa da kawunan hannuwansa. Da dare yake buɗewa, kafin la'asar ta gobe ya rufe ke nan har abada. Jemagu ke fara ziyartarsa, da safe kurciyoyi da ƙudan zuma su karɓa. Shi ne furen da jihar Arizona ta ɗauka tambarinta tun 1931. 'Ya'yan na nuna a ƙarshen Yuni, su tsage, cikinsu ja wur, kowane ɗaya da ƙwayoyi wajen 2,000. Mutanen Tohono O'odham, waɗanda ke zaune a wannan ƙasa tun kafin zuwan Turawa, sukan fita da asuba da dogayen sanduna da suka haɗa da haƙarƙarin mataccen saguwaro su kakkaɓo 'ya'yan, su dafa ruwan ya yi kauri kamar maɗin ɗinya. Da wannan girbi sabuwar shekararsu ke kamawa, da shi kuma suke bikin roƙon ruwa. Su a wurinsu saguwaro ɗan'uwa ne, ana ganin girmansa kamar na mutum.

Masu lambu na Finiks da Tusan suna da ka'idodin renonsa, kuma yawancinsu hani ne. Kada a cika masa ruwa, gama abin da ya fi kashe kaktus a hannun mutane shi ne tausayi. Saiwar ta jiƙe ta ruɓe tun mai shi bai farga ba. Ƙasar ta zama mai tsakuwa da yashi wadda ruwa ba ya kwanciya. In za a ciro shi a dasa wani wuri, sai a yi wa gefen da ke fuskantar kudu alama, a dasa shi yadda yake, don fatar wancan gefe ta saba da rana, ta arewa kuwa in aka juyo ta sai ta ƙone. A bar raunin saiwa ya bushe kafin a ba shi ruwa. Ba kowane kaktus ne ke son wannan horo ba. Akwai na dazuzzukan Barazil masu ruwa, waɗanda ke maƙale a rassan itatuwa kamar kauci, su inuwa da laima suke so, ranar Arizona ta kwana ɗaya sai ta gama da su. A lambun tsirran hamada na Finiks, wanda aka buɗe a 1939, ana iya ganin iri-iri daga sassan duniya, kowanne da irin kulawarsa.

Dokar jiha ta hana a ciro saguwaro ko a sayar ba da takardar izini ba. Duk da haka ɓarayi na haƙa su da dare su sayar wa masu ƙawata gidaje, har ma'aikatan gandun suka shiga cusa wa waɗansu 'yar na'ura mai lamba, kamar ƙwayar shinkafa, don a gane na sata. A 1982 wani mutum ya yi ta harbin wani babban saguwaro da bindiga don wasa, hannun itacen ya karye ya danne shi ya mutu.

Ba yau aka fara jin tsoron ƙarewarsu ba. Wajen 1940 manyan itatuwan gandun gabas suka yi ta ruɓewa suna faɗuwa, aka ɗauka annoba ce, har aka sare masu ciwon aka binne. Daga baya aka gane sanyin ƙanƙara ne ya kashe tsofaffin, yaran kuwa babu su, saboda shanu sun tattake su, masu saran itace kuma sun share ƙananan bishiyoyin da ɗan saguwaro ke fakewa ƙarƙashinsu daga rana da sanyi. Da aka hana kiwo a 1979, bishiyoyin suka dawo, yara suka sake tsirowa.

Matsalar yanzu ta fi wannan wuyar magani. A 2023 Finiks ta yi kwana 31 a jere zafin rana yana kai digiri 110 ko fiye a ma'aunin Amurkawa, wato digiri 43 a namu, daren ma bai huce ba. Itacen da ya dogara ga sanyin dare don numfashi sai ya rasa shi. A unguwannin birnin aka riƙa wayar gari hannun saguwaro ya faɗi, ko kuwa dukan itacen ya kife, masanan lambun Finiks suka ce zafi da fari ne suka raunana su.

Ɗaya abokin gābar daga Afirka ya fito. Wata ciyawa ce 'yar'uwar ƙarangiya, wadda ma'aikatan gona suka shigo da ita tun wajen shekarun 1930 don kiwo da hana zaizayar ƙasa. Dā tsakanin tsiro da tsiro a wannan hamada ƙasa ce tsirara, wuta ba ta samun abin bi. Ciyawar ta cike wannan fili, in ta bushe ta kama wuta sai ta ci da zafin da ya haura digiri 700. Ita takan sake tohowa da ruwan farko, saguwaron da ya ƙone kuwa sai a jira shekara ɗari. Arizona ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi a 2005. Ma'aikata na fesa mata magani, har da jirgi mai saukar ungulu a inda ƙafa ba ta kai, mutanen Tusan kuma, tsofaffi da 'yan makaranta, sukan hau duwatsu da sanyin safiya riƙe da dagi, su tono ta gindi-gindi. Inda aka share bana dole a komo baɗi da baɗin baɗaɗa, domin irinta yakan kwanta cikin ƙasa shekaru yana jiran ruwa.