Karatun Bishara a Ƙasar Duwatsu

Mabiya ɗarikar Katolika a Jamhuriyar Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, kuma mafi yawansu a Yamai da yammacin ƙasar da manyan birane suke. A shekarar 2001 aka kafa lardin bishop na Maraɗi, wanda ya haɗa jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram da Agadas da Diffa, aka naɗa Ambroise Ouédraogo bishop ɗinsa na farko. Wanda ya dubi taswira zai ga lardin ya fi ƙasashe da yawa faɗi, amma majami'unsa ƙalilan ne, tsakanin wata da wata tafiya ce mai nisa. A irin wannan tazara na tashi. Mahaifina malamin makaranta ne, aiki ya kai shi wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Garhanga, a gundumar Keita, kuma duk garin gidanmu ne kaɗai na Kirista. Sai lokacin Kirsimeti da Ista muke shiga mota zuwa Tawa don mu sami Misa. Sauran Lahadin shekara kuwa, zauren gidanmu shi ne majami'armu.

Mahaifina yakan karanta Bisharar ranar daga littafin Misa na Faransanci, sa'an nan ya maimaita ta daga Littafi Mai Tsarki na Hausa saboda mahaifiyata, wadda ba ta yi lakwal ba. Wannan fassara, wadda aka fara buga cikakkiyarta a 1932, aikin ƴan mishan ne na Arewacin Nijeriya, Hausarta kuma ba irin ta bakinmu ba ce. Don haka akwai fassara ta uku da ba a rubuta ba, wato wadda muke yi idan an rufe littafi an shiga tattaunawa. A nan gafara takan koma gahwara, yana ya koma shina, maganar Galili ta shiga Adaranci. Ina jin a wannan zaure ne sha'awar nazarin harshe ta kama ni, tun kafin in san akwai fanni mai wannan suna.

Jadawalin karatun Lahadi da Katolika ke bi a ko'ina a Roma aka tsara shi, aka fitar a 1969 bayan Babban Taron Batikan na Biyu, yana zagayawa cikin shekara uku: shekarar Matta, shekarar Markus, shekarar Luka. Waɗanda suka tsara shi ba su yi lissafi da daminar Adar ba. Duk da haka, misalin mai shuka da ke sura ta 13 ta Matta yana faɗowa ne a tsakiyar watan Yuli, daidai lokacin da kowa ke duban gabas yana jiran hadari, wasu ma sun yi shuka sau biyu ta ƙone. Labarin sananne ne: manomi ya fita da iri, wani ya faɗa bakin hanya, wani kan duwatsu, wani cikin ƙaya, wani a ƙasa mai kyau. Mahaifiyata ba ta taɓa yarda da wannan manomi ba. "Mushe," in ji ta, "wane irin manomi ne wannan? Ba shi da sungumi?" Tana da hujja. Manomin Adar ba ya watsa hatsi. Sara yake yi da sungumi, mai bin bayansa ya jefa ƙwayoyi kaɗan a rami ya rufe da diddige. Iri abu ne da aka hana wa bakin yara tun kaka, ba a wasa da shi. Manomin Falasɗinu kuwa yafi yake yi, shi ya sa irinsa ke faɗawa inda bai nufa ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne duwatsun. A wa'azin da na riƙa ji daga baya a birni, akan raba mutane gida huɗu bisa ga wuraren nan huɗu, a ce mai zuciyar dutse ya ji magana da murna, rana ta fito ya bushe, shi ke nan an gama da shi. Wanda ya san ƙasar Keita da wuya ya tsaya nan. Yankin da ake kira Adar-Dutsi-Majiya tuddai ne na duwatsu da fako, inda ruwan sama ke gangarewa ya tafi da ƙasa, ya bar ƙorama tana cin gonaki. Bayan farin 1984 aka soma aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, da hukumar FAO, da abincin hukumar PAM da ake biyan ma'aikata da shi. Yawancin masu aikin mata ne, domin maza sun tafi biɗa Nijeriya da Kwaddibuwa da Libiya. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su layi-layi a gicciye don su tare ruwa, suka haƙa ramuka a jikin tuddai, aka dasa itatuwa miliyoyi. Lokacin da na yi wayo, akwai fakon da tsofaffi ke rantsuwa ko ciyawa ba ta fita a kansa a da, ga shi ana yanke hatsi a cikinsa. Dutsen da ya hana iri tsiro, shi aka jera ya zama mai riƙe masa ruwa. Mahaifina yakan ce misalin ya faɗi yadda gona take ranar shuka ne, bai hana a shiga gyaranta da rani ba. Ban san wani masanin tauhidi da zai ƙi wannan karatu ba, kuma a ganina ya fi na birni amfani ga malamin da ke da yaro mai taurin kai a aji, ko uwar da ɗanta ya tafi biɗa ya daina aike.

Akwai karatun da ya fi wannan nauyi. A shekarar Luka, wajen ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, ana karanta labarin mai arzikin da gonarsa ta yi albarka, ya rushe rumbunansa ya gina manya, a daren nan kuma ajali ya riske shi. A cikin surar nan ta 12 aka kawo zancen tsuntsaye da ba su da rumbu amma Allah na ciyar da su. To, Agusta shi ne watan da rumbu ke amsa kuwwa. Hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, ga noma na neman ƙarfi. Rumbunan laka na Adar, manya masu kamar tulu, ba don alfahari aka gina su ba. Mutanen da suka ga yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, suka sake ganin ta 2005, idan ka ce musu ajiya rashin bangaskiya ce, za su ɗauka ba ka da hankali, kuma ni ma ina tare da su.

Abin da ya warware mini wannan ƙulli nahawu ne. Idan mai karatu ya bi maganar attajirin nan, zai ga babu mutum na biyu a cikinta. Da kansa yake shawara, kansa yake yi wa albishir, duk wakilan sunan na mai magana ne. Babu mata, babu barori, babu maƙwabci. Rumbun Ba'adare kuwa cike yake da mutane tun kafin a zuba masa dami: akwai zakka, akwai rabon gwauruwa, akwai na baƙo, akwai na ƙanen da zai dawo hannu wofi. Wanda misalin ya fi kama da shi a ƙasarmu shi ne mai sayen hatsi da arha a kaka, ya kulle a mangaza, ya jira sai ido ya raina fata ya fito da shi, ko kuma mai tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. A kan wannan ba mu da saɓani da maƙwabtanmu ko kaɗan. Luka ya yi maganar mudun da aka danna aka girgiza har ya zuba, limamin garinmu kuma yana da sura guda a Alƙur'ani a kan masu tauye mudu. Sau da yawa mahaifina kan dawo daga hira da shi yana cewa yau ma wa'azinsu ɗaya.

Kalmar da ta fi ba mu aiki ita ce ta yafiya. A addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, Girkancin Matta bashi ya ambata, na Luka kuma zunubi, aikatau ɗin da dukansu suka yi amfani da shi kuwa ma'anarsa saki ko sallama. Hausa tana da kalmomi biyu a nan. Gafara daga Larabci take, tushenta na nufin rufewa, kuma ta fi dacewa da abin da bawa ke roƙo wurin Ubangiji. Yafe kuwa ta cikin gida ce, tana aiki a kan laifi, tana aiki a kan bashi, kamar dai kalmar Girkancin. Ɗalibin da ya san azuzuwan aikatau na Parsons zai lura cewa yafa tana da sigar aji na ɗaya, yafe kuma ta aji na huɗu, ajin da ke nuna an yi abu ƙarƙaf ba saura. Kunnen Bahaushe yana jin mai yafa iri da mai yafe bashi kusa da juna: dukansu sun buɗe hannu, abin ya fita.

An gwada mu a kan wannan kalma a watan Janairun 2015. Ranar 16 ga wata a Damagaram, washegari kuma a Yamai, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe, aka ƙone majami'u da dama, mutane kimanin goma suka rasa rayukansu. A ƙauyenmu ba a taɓa ko karan darni ba. Maigari da liman suka zo zauren mahaifina bayan la'asar, suka zauna har magariba, ba su yi dogon bayani ba, zaman shi ne maganar. Shugabannin Ikilisiya sun yi kira da a yafe, kuma daidai suka yi. Sai dai na ji matasa da yawa a cikinmu suna cewa an yi, alhali abin da suka yi haƙuri ne. Haƙuri haɗiyewa ne, mutum na iya yinsa haƙƙinsa na nan a rubuce a zuci. Yafewa kuwa sai mai haƙƙi, shi kaɗai, kuma ba a yi masa ita da wakilci. Bishop na iya yafe ginin da aka ƙone. Matar da ta rasa shagonta, tata yafiyar tana hannunta, ko da za ta ɗauki shekara goma.

Yafe bashi ma, wanda ake gani kamar ya fi sauƙi, yana da nasa ƙaya. A shekarar Matta, tsakiyar Satumba, ana karanta misalin bawan da sarki ya yafe wa bashin da ba zai biyu ba, shi kuma ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari ɗari, wato ladan aikin kwana ɗari. Satumba kuwa bakin kaka ne, lokacin da masu bin bashi ke fara zagaya gonaki da ido. Wata shekara da damina ta yi gardama, maƙwabciyarmu ta karɓi tiya ashirin na hatsi wurin mahaifiyata. Mijinta na Libiya, an daɗe ba labari, gonarta kuma ba ta ba da abin kirki ba. Da aka gama karatun ranar, mahaifina ya rufe littafi ya ce magana ta fito fili, a aika mata a ce an yafe.

Mahaifiyata ta ƙi. "Mushe, in na ce mata na yahe, ta gama shigowa gidan ga." Hujjarta ita ce, mai bashi da mai binsa tsara ne, yau gare ka gobe gare ni, suna iya haɗa ido a bakin rijiya. Wadda aka yafe wa a bainar jama'a kuwa ta koma mai karɓar sadaka, kuma matar da ke da zuciya za ta gwammace ta kwana da yunwa da ta sake yin sallama a ƙofar da aka yi mata haka. Ga kuma abin da ba ta faɗa ba amma kowa ya sani: mu baƙi ne, addininmu dabam, kyautar da ta yi yawa daga gidanmu tana iya jawo wa matar maganar cewa ana sayenta da hatsi. Mahaifina ya ce misalin bai kawo wannan sharaɗi ba. Ta ce sarkin cikin misalin ba maƙwabcin bawan ba ne, ba su haɗa turmi ba.

Abin da ta yi shi ne, da aka shiga kaka ta kira matar ta taya ta sussuka da surfe, ta ce ƙugunta na ciwo, kowace rana kuma tana rage wani abu daga bashin, da lissafin da ita kaɗai ta san kansa. Kafin sanyi ya shiga bashi ya ƙare. Ranar ƙarshe matar ta ɗaura gyalenta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Madan, tiyar lissahinki ba irin ta kasuwa ba ce." Mahaifiyata ta ce ita dai da ita ta saba awo. Har muka bar garin mahaifina na nan a kan cewa ba a bi nassi yadda yake ba, ita kuma tana kan cewa an bi. Da damina ta zagayo, matar ta yi sallama ta shigo da ƙwaryarta, ta karɓi tiya goma.