Abin Da Yankewar Waya Ya Koya Mini Game Da 'Ya'yana

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW).

Ya 'yan uwana matasa, a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda ta'asar 'yan bindiga. A daren farko na zauna a tsakar gida, hannuna ba komai, sai ƙaramar 'yata ta tsaya daga nesa tana kallona kamar baƙo. Wallahi sai da gabana ya faɗi. A nan na tuna mahaifina, Allah Ya jiƙansa.

Baba ba mai hali ba ne, amma kowace shekara tawa yana da abin da muke yi tare. Ina ɗan shekara 4, shi ke fere mini motar kara, ya ɗora ni a wuya zuwa ƙofar gida. Da na kai 7, ni ke riƙe masa buzu zuwa masallaci, a hanya yana sauraron tilawata. Ina 12 ya fara tafiya da ni gonar rogonmu ta wajen Dajin Rugu, yana nuna mini marke da kanya da ƙirya, kowanne da amfaninsa. Da na balaga kuwa, sai ya riƙa aikena Runka wurin dangi, in na dawo ya ce, “To Malam, mene ne shawararka?”

Na daɗe ina fakewa da cewa rashin tsaro ya raba ni da wannan gado, tunda gonar nesa ta gagara. Ashe abin da na gada daga Baba shi ne zama da ɗa, gona kuwa dalili ce kawai.

Sai na fara da abin da ke hannuna. Ƙaramar muna dasa yakuwa da kuɓewa a bayan ɗaki, ita ke ban ruwa. Mai shekara 8 muna wanke allo tare, ya biya mini, ni ma in biya masa, ya kama ni da gyara yana dariya. Babban kuma muna buga dara bayan Isha'i, a nan yake faɗa mini tsoron da ke ransa idan ya ji ƙarar babura da dare.

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Wane ne a cikinmu ya fi shi hidima, har zai ce ba shi da lokaci?

An dawo da waya, amma har yau daga Magariba zuwa Isha'i tana cikin ɗaki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma 'ya'ya amana ce da za a tambaye mu a kanta.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalamu alaikum.