Yini Guda a Fadar Alhamra, Inda Bango Ke Rera Waƙa

Duk wanda Allah Ya kai shi birnin Garnaɗa, a kudancin ƙasar Spain, watau Andalus ta dā, abin da zai fara ɗauke masa ido shi ne wata jar ganuwa bisa tudu, da duwatsu masu ƙanƙara a bayanta. Wannan ita ce Alhamra, fadar sarakunan Banu Nasar, waɗanda suka riƙe birnin tun daga 1238 har zuwa 1492.

Na shiga fadar da hantsi cikin ayarin masu yawon buɗe ido. Kowa na sauri, ya ɗauki hoto ya wuce. Ni ma da farko haka na yi, ina ganin zanen bango kamar aikin allura a gaban riga. Sai da na tsaya hutawa jikin wani ginshiƙi, na ƙura ido, sa'an nan na ga ashe abin da nake zato ganye ne da reshe, baƙaƙe ne na Larabci. Daga nan na rage tafiya.

Mai karatu, ka sani mawaƙa uku ne suka fi yawan baitoci a bangon nan: Ibnul Jayyab, da almajirinsa Ibnul Khaɗib, da almajirin wannan kuma, Ibnu Zamrak. Dukkansu sun yi wa sarakunan hidima a matsayin manyan marubuta da wazirai. Magina suka sassaƙa baitocinsu cikin farar ƙasa da dutse, masu zane suka bi su da ja da shuɗi da ruwan zinariya. Yawancin launin ya koɗe, amma mai haƙuri zai ga saurarsa cikin lungun baƙaƙe.

A tsakiyar fadar akwai Farfajiyar Zakuna, wadda Sarki Muhammadu na Biyar ya gina bayan ya koma kan gadonsa a 1362. Ginshiƙai 124 ne suka kewaye ta, a tsakiya kuwa zakuna 12 na dutse suna ɗauke da babbar tasa ta farin marmara. A bakin tasar aka rubuta waƙar Ibnu Zamrak, ba kuwa yadda za ka karanta ta sai ka zaga tasar a hankali. Waƙar tana kwatanta ruwa da marmara, yadda suka yi kama har ido ya kasa rarrabe mai gudana da mai tsayuwa. Da na gane haka na sake duban tasar, sai na ga abin da ya wuce ni da farko. Ashe mawaƙin koya wa ido gani yake yi.

Arewa da farfajiyar akwai Ɗakin 'Yan'uwa Mata Biyu, mai rufi kamar saƙar zuma. A nan waƙa ta kewaye bango, tana magana da bakin ɗakin kansa, tana neman mai shiga ya tsaya ya duba. Kaico, kaɗan ne suka amsa mata.

Ta gabas kuma sai Zauren Sarakuna, inda abin ya juya. A rufinsa akwai zane uku da aka yi bisa fata, aka shimfiɗa a kan katako. Na tsakiya yana nuna mutum goma zaune da rawuna da gemu da takubba. Na gefe biyu suna nuna farauta da mahaya da wasan dara. Irin wannan zane na mutane ba kasafai ake samunsa a gine-ginen Musulmin Andalus ba, har masana suka saɓa: wasu suka ce sarakunan gidan ne, wasu suka ce manyan majalisa ne. Na daɗe ina kallonsu har wuyana ya gaji. A waje waƙa ta ba ni magana, idona ya cika hoton. A nan zane ya ba ni fuskoki, ya bar ni da neman maganarsu. Kowanne na bukatar ɗan'uwansa, duka biyun kuwa ba su buɗe wa mai gaggawa.

To, ina masu aikin? Ibnul Khaɗib an kashe shi a kurkukun birnin Fas a 1374, da hannun almajirinsa Ibnu Zamrak cikin ƙarar. Shi ma Ibnu Zamrak aka kashe shi cikin gidansa da umarnin sarki wajen 1393. Ran 2 ga Janairu 1492 Sarki Abu Abdullahi ya miƙa birnin ga Ferdinand da Isabella. Taken gidan, cewa babu mai rinjaye sai Allah, shi ne ya rage a kowane bango.

Abin da na komo da shi ke nan: makami ya karɓe fadar, amma gaggawa da jahilcin harshe su ne ke iya bebantar da ita. Idan ka je, ɗan'uwa, ka zaɓi bango guda ka zauna gabansa. Sannu ba ta hana zuwa.