Yadda Dutsen Kufena Ya Gyara Mini Labari



A zaman ƙungiyarmu na watan jiya na karanta wani gajeren labarina. Tauraron labarin ya haye wani dogon dutse cikin layi biyu, ya tsaya a ƙololuwa yana rera waƙa. Da na kammala, wani dattijon marubuci ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, ka taɓa hawa dutse kuwa?" Na ce, "Baba, na hau Dala muna 'yan makaranta." Murmushi kawai ya yi. Wallahi murmushin nan har gidanmu a Giginyu ya raka ni.

Gaskiyarsa ce. Dala akwai matakala, yara ma da gudu suke hawa. Don haka ranar wata Asabar na ja abokina da muka yi difloma tare, muka shiga motar Zariya a Unguwa Uku, muka nufi Kufena da ke can wajen Wusasa.

Daga ƙasa na raina shi. Ba mu kai rabi ba hira ta mutu, ba ka jin komai sai hucinmu. Takalmin da na saka na gayu ne, santsi yake yi a kan falalen, na cire na rataya a wuya, sai kuma dutsen ya fara gasa mini tafin ƙafa. Ruwanmu leda biyu ne, tun a ƙasa muka shanye ɗaya (wautar 'yan birni). Da muka isa sama ina ni ina waƙa? Rigingine na yi, maƙogwaro a bushe, sai can na iya tashi na hango rufin gidajen Zariya da gonaki.

Abin da ban taɓa kawowa a rai ba shi ne saukowa. Gwiwa na rawa, ido na ganin ƙasa da nisa. Wani wurin da zaune na sauko, har wandona ya yage.

Wannan fa Kufena ne. Tsaunukan Shere na Jos sun kai mita 1,829, Chappal Waddi na Taraba, wanda ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419. Ni kuwa na ɗora tauraro a kan irinsu ko gumi bai yi ba.

Na sake rubuta wurin. Yanzu hawan ya ci shafi uku, kuma a wajen saukowa yake tuna mahaifiyarsa. Abokina ya ce bayan Sallah sai Shere. Ban ba shi amsa ba tukuna, cinyoyina ba su sake ni ba.