Samaru, Garin da Sunansa Ke Kan Buhun Iri

Idan ka fito daga Zariya ka kama hanyar Funtuwa, ba ka yi nisa ba za ka iso Samaru, mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Baƙo yakan tsaya kallon dogon ginin hukumar gudanarwa da Laburaren Kashim Ibrahim. A ganina, abin kallon na gaske yana gonakin gwaji.

Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta girmi jami'ar da shekara 40, domin tun 1922 take aiki. Ku duba buhun ingantaccen iri a gidanku. In kun ga SAMMAZ, masara ce. SAMSORG dawa, SAMNUT gyaɗa, SAMPEA wake. Wannan SAM ɗin, Samaru ke nan.

Labarin wake ya fi jan hankali. Akwai wata tsutsa, Maruka, mai cinye fure da kwanson wake, har manomi ya yi feshi sau shida ko takwas kafin ya tsira da abin kaiwa rumbu. A 2019 aka amince da SAMPEA 20-T, wanda aka gyara ƙwayar halittarsa don tsutsar ta kasa cinsa, feshi biyu ya wadatar. Har yau akwai masu ɗari-ɗari da irin da aka taɓa halittarsa, kuma muhawara ce da ta dace ku tayar a aji.

Gaba kaɗan, a Shika, akwai cibiyar binciken dabbobi da ta samar da kazar ƙwai mai jure zafinmu, Shika Brown. Jami'ar kuma na da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004. Ba ya ba da wutar lantarki. Da shi ake gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci.

To, ina matsayinta? A jerin jami'o'in Afirka, na Afirka ta Kudu da Masar ne suka saba zama gaba. Ƙarancin kuɗi da yajin aiki, kamar na wata takwas a 2022, suna ja wa jami'o'in gwamnati baya. Sai dai masu wannan lissafi sun fi ƙirga maƙalun da aka buga, ba buhunan wake ba.

Mai sha'awar shiga ɗakunan gwajin nan, ya riƙe Kemistiri da Bayoloji da Lissafi tun daga aji huɗu.